Kanwar da Na Zuba a Waken Inna

Ni mutum ce mai son gyara. Ko a makarantar da nake koyarwa an san ni da haka, in na ga allo a karkace ba na iya fara darasi sai na miƙar da shi. Maigidana yakan ce da za a bar min duwatsun Dutse da tuni na jera su daga babba zuwa ƙarami. To wannan halin nawa ne ya kusa mayar da mahaifiyata Ringim ta zauna ita kaɗai, kuma na fi wata guda ban san ni ce sila ba.

Inna mai awara ce. A unguwarmu ta Ringim in aka ce awarar gidanmu, to an gama magana. Tata ba ta dagargajewa a kasko, ba ta shan mai kamar soso, in ka gutsura sai ka ga cikin fari tas, da laushi, bayan kuma ya soyu ja. Ni kuwa ci kawai na iya. Tun ina yarinya ƙarnin ɗanyen waken suya yake tayar min da zuciya, daga baya kuma makarantar kwana ta ɗauke ni, don haka ban taɓa tsayawa na ga aikin daga farkonsa ba.

Bayan rasuwar Baba sai ta zama ita kaɗai a gidan. Ƙanena yana kudu wurin aiki, ɗaki ɗaya gare shi da iyalinsa. Ga hawan jini ya sa ta gaba. Wata rana da hantsi jiri ya kwashe ta a tsakar gida, ta faɗi, tana nan kwance cikin rana har bayan azahar, sai da maƙwabciya ta shigo aron rariya sannan aka gan ta. Ranar da aka sallame ta daga asibiti na ce, "Inna, Dutse za mu." Ta ce ba inda za ta. Ina aka taɓa ganin uwa ta tare a gidan suruki? Na yi roƙo, na yi kuka, na turo mata ƙannen Baba, maigidana ya je da kansa ya durƙusa daga bakin ƙofa. Da ƙyar ta yarda, amma da sharaɗi.

"Da tukunyata zan tafi," in ji ta. "In zan yi sana'ata, in ci gumina, in sa wa jikokina wani abu a baki, to zan zauna. In kuwa ajiye ni za ku yi kamar tsohon turmi ana zubo min tuwo safe da yamma, wallahi gida zan dawo."

Na san Inna. In ta ce wallahi, to ba a sake zancen.

Muka iso Yalwawa, unguwar da nake zaune a Dutse, da tukunya, da ƙyallen tata, da wani baƙin dutse mai faɗi da take danne awara da shi. Mai motar da ya kawo mu har dariya ya yi, ya ce bai taɓa kawo dutse garin Dutse ba sai ranar. Na share mata ɗaki, na gyara mata rumfa a tsakar gida. Sannan na raba aikin, don rabon aiki ma ni ce gwanarsa. Gwiwoyinta ba sa son sunkuyo, ba kuma za ta iya zuwa inji ba. Saboda haka ni zan tsince waken, in jiƙa da safe kafin in tafi makaranta, in na dawo in kai markaɗe. Ita kuma daga tata zuwa suya nata ne.

Da safen farko na zuba waken a roba, na cika da ruwa. Na ɗauki ƙwara ɗaya na gatsa, na ji ta kamar tsakuwa. Na ce kai, wannan ai ya fi waken dafawa taurin kai. Sai na miƙa hannu kan kanta na ɗebo kanwa, na jefa, na ƙara wata ƙatuwa don in kyauta. Wace mace ce za ta ga wake mai tauri ba ta tuna kanwa ba? Ban ko ɗauke shi a bakin komai ba, ballantana in faɗa wa wani. Da na dawo na tarar ya kumbura ya yi laushi, na yaba wa kaina, na kai inji da ruwan jiƙon duka, don a ganina albarkar waken tana cikinsa. Haka na riƙa yi kowace rana, ban taɓa fashi ba.

Inna ta karɓi ƙullun ta dube shi. Ta ce launinsa ya ɗan yi ɗorawa, wataƙila waken nan garin ne haka. Hancinta kuwa tun ciwon nan ba ya jin wari sosai. Ta ɗiga manja don kumfa ta kwanta, ta ƙara ruwa, ta tace, madarar ta sauka a tukunya, dusar ta ware ta gefe. Na toshe hanci na tsaya, don ranar farko ce, ina son in ga gwanintar.

"Ki kula, Malama," ta ce. Haka take kirana in tana son tsokana. "Wuta ce take kwance shi, tsami ya ɗaure shi. In bai tafasa ba kika zuba tsami, kin yi asara. In kuma yana tsalle-tsalle kika zuba, zai tsinke ya zama kamar tsaki. Sai ya tafasa, ki janye itace, ya ɗan nutsu tukuna."

Ruwan tsamin da take amfani da shi na saman gasara ne, wanda ya kwana biyu ya yi tsami. Ta ɗebo da ludayi ta zagaya bakin tukunyar da shi a hankali, ta juya sau ɗaya, ta tsaya. A ƙa'ida a nan ne madarar za ta rabu biyu, farin ya dunƙule ya taso sama, ruwan ya koma garai-garai a ƙasa. Muka jira. Madara tana nan fara sol, ko gezau. Ta ƙara ludayi. Ta ƙara wani. Har ruwan tsamin ya ƙare ƙaf, abin da aka samu wasu 'yan ɗigo-ɗigo ne suna yawo a ruwa fari. Da ta juye a ƙyalle rabinsu suka bi ruwa suka tafi. Abin da ya rage aka danne, aka kwance, ya zube kamar dambu.

Inna ta yi dariya ranar. "Baƙunta ce," in ji ta. "Tukunya ma tana baƙunta."

Rana ta biyu ba ta yi dariya ba. Rana ta uku matan layinmu, waɗanda na riga na cika musu baki cewa sarauniyar awara ta sauka a Yalwawa, suka turo kwanuka, aka mayar musu wayam.

A nan na ɗaura ɗamara. Na ce, "Inna, ruwa ba ya tsami banza. Akwai dalili, kuma ni zan gano shi." Na yage takarda daga littafin darasi na ja layuka, na rubuta duk abin da ya bambanta Ringim da Dutse. Na ce za mu riƙa canza abu ɗaya-ɗaya, kamar yadda ake koya wa ɗalibai. Wallahi har daɗi nake ji, ina ganin kaina wata babbar mai bincike.

Da ruwa muka fara. Namu na burtsatse ne, kuma kowa ya san yana da ɗan nauyi a baki, sabulu ma ba ya kumfa da shi sosai. Na sa mai motar nan ya cika mana jarka biyu daga rijiyar gidanmu ta Ringim. Na jiƙa wake da ruwan Ringim, na jefa kanwata, na tafi makaranta. Bai kama ba.

Sai wake. Inna ta ce waken da ya shekara a buhu, ya sha zafin shago, ba ya ba da madara mai kauri, kuma madara in ta tsinke ba ta kamawa da kyau. Na shiga kasuwa da kaina, na bi masu wake ɗaya bayan ɗaya ina gatsawa ina tofarwa, har wani dattijo ya ce, "Hajiya, saye za ki yi ko karin kumallo?" Na samo sabo fes, mai sheƙi. Madarar ta fito da kauri kuwa, har Inna ta ce madalla. Aka zuba tsami, shiru kake ji.

Sai wuta. Na ce wataƙila itacen da muke saye ɗanye ne, ba ya ba da zafi yadda ya kamata, mu gwada murhun gas. Inna ta ce wannan wutar ba ta da kunya, ba a janye ta a hankali, ko dai tana ci ko ta mutu. Ta yi gaskiya, don ranar ƙasan tukunyar ya kama, madarar ta yi ƙauri, ta kuma yi ambaliya ta kashe murhun. Muka koma itace, busasshe ƙarau. Duk ɗaya.

Maigidana ɗan gidan makiyaya ne daga wajen Garki, ya tashi cikin nono da ƙwarya. Ba ya iya yi wa Inna doguwar magana, kunyar suruka ba ta barinsa, sai ya kira ni gefe. Ya ce a rugarsu in nono ya ƙi kwanciya, ƙwaryar ake fara tuhuma, ko an wanke ta da sabulu ba a ɗauraye sosai ba. Na ce haba Malam, ni ce zan bar sabulu a tukunya? Amma na wanke komai da ruwan zafi sau uku, har ƙyallen na tafasa. Ka ga, ya kusa kama ɓarawon, ni kuma na tsaya ina kare mutuncin wanke-wankena.

Daga ƙarshe sai tsamin kansa. Na ce ko gasarar Dutse ba ta tsami kamar ta gida. Muka jiƙa tsamiya mai yawa, ta yi kauri, tsaminta har kunne. Wannan karon madarar ta rabu, sai murna ta kama ni. Amma sai da aka zuba ninki biyu na abin da Inna ta saba, kuma awarar ta fito baƙa-baƙa, da gari-gari a baki. Aka sa a mai ta watse. Inna ta tsame ɗaya ta ɗanɗana, ta ajiye matsamin, ta je ta wanke hannu.

Duk layukan takardata na soke su. Kanwa kuwa ko layi ban ja mata ba. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Tun daga ranar Inna ta canza. Ta daina fitowa rumfa. In an kai mata abinci sai ta ɗan taɓa ta rufe. Wata rana da la'asar na shiga ɗakinta na same ta zaune a bakin gado, ta ɗora hannayenta a cinya tana kallonsu.

"Ba ruwa ba ne, ba wake ba ne," ta ce. "Hannuna ne."

"Haba Inna, wane irin hannu kuma?"

"Hannu yana mutuwa, 'yar nan. Na gani da idona. Wadda ta koya min aikin nan, shekara da shekaru tana yi, rana ɗaya ya ƙi ta. Ba ta ƙara ɗora tukunya ba har ta koma ga Allah. Tun da na faɗi ɗin nan na san wani abu ya fita daga jikina."

Na hau faɗa. Na ce wannan camfi ne, madara ba ta san hannun kowa ba, zafi ta sani da tsami. Na kawo mata hujjoji har da ɗaga yatsa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ta riga ta yi magana da mai mota, ranar Asabar da hantsi zai zo. Ta ce mun yi sharaɗi, kuma ba ta ga abin da za ta zauna yi ba. Na ce in ta sake faɗuwa fa? Ta ce Allah yana Ringim kamar yadda yake Dutse.

Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Duk inda na juya sai in ga tsakar gidan nan da rana, da ita kwance ba mai ɗaga ta. A aji ma sai in tsaya da alli a hannu in manta inda na kwana.

Ranar Laraba na dawo daga makaranta na ɗora miyar yakuwa, don ita kaɗai ce Inna take ɗan ci da marmari. Na kai mata a cokali ta ɗanɗana min gishiri. Ta yamutse fuska.

"Tabɗi! Wannan ai sai ta zubar wa mutum da haƙora. Ba ki da kanwa ne? Jefa mata 'yar kaɗan ta kashe tsamin."

Na koma kicin, na ɗauko kanwa, na jefa. Miyar ta yi kumfa, ta yi shuu, ta kwanta. Na ɗanɗana, tsamin ya tafi. Sai na tsaya da cokali a baki.

Innalillahi! Abin da kowace yarinya mai koyon miya ta sani! Kanwa tana kashe tsami. Ni kuma kullum sai na cika madarar Inna da kanwa, sannan in tsaya a kanta ina mamakin me ya sa tsami ba ya aiki. Duk ludayin da ta zuba, kanwata ce take fara cinye shi. Kafin tsamin ya yi rinjaye an riga an tsinka madarar da ruwa, an kuma sanyaya ta, to me zai kama? Na zauna a kan buhun shinkafa. Garin neman gira na rasa ido.

Abin da ya kamata in yi a fili yake. Taku goma ne tsakanina da ɗakinta. Amma ban je ba. Kunya ta hana ni, kuma ba irin kunyar kirki ba, girman kai ne tsagwaronsa. Ni da na yi wata guda ina yi mata lacca, ni da takarda da layuka, in je in ce ni ce? Sai na yi wa kaina dabara. Na ce ai ba sai an faɗa ba. A daina zuba kanwa, awara ta kama, Inna ta yi murna, kowa ya huta, asirina a rufe.

Da safen Alhamis na jiƙa wake da ruwa zalla. Na leƙa na ce, "Inna, mu ƙara gwadawa sau ɗaya tak." Ta ce ta daina ɓarnar abinci, Allah ma sai ya tambaye ta. Na ce to shi ke nan, ni zan yi da kaina. In ta ga abin yana yiwuwa, ai hannunta zai yi ƙaiƙayi.

Na dawo na kai markaɗe, na ɗaure hanci da ɗankwali, na bi duk abin da na ga tana yi. Na tace, na tafasa, na janye itace, na jira madarar ta nutsu, na zagaya da ludayin ruwan tsami. Ikon Allah! A ludayi na biyu farin ya fara haɗuwa, a na uku ya taso gaba ɗaya, ruwan ya koma garai-garai har ina hango gindin tukunya. Na kwashe, na zuba albasa da attaruhu da gishiri, na ɗaure, na ɗora dutsenta. Da na kwance, ga ta nan dunƙule guda. Ba ta kai tata ba, gefe ɗaya ya fi tauri don na yi gaggawar dannewa, amma awara ce, ta yanku, ta soyu.

Na jera a faranti na nufi ɗakinta ina ta washe baki. "Inna, duba! Kin ga ashe yana yi!"

Ta karɓa. Ta ɗauki ɗaya ta matsa, ta gutsura ta duba cikin. Ta daɗe tana taunawa.

"Ruwan nan ne dai?"

"Shi ne."

"Waken nan ne, da tsamin nan?"

"Su ne, Inna."

Ta gyaɗa kai. "To alhamdulillahi. Kin gani ko? Ke da ba ki taɓa yi ba, ya kama miki. Ni ya ƙi." Ta miƙo min farantin. "Dama na faɗa miki hannuna ne. Allah ya sa miki albarka a ciki. Tukunyar da dutsen na bar miki."

Hawaye suka zubo mata, ta share da bakin mayafi. Tun rasuwar Baba ban ga hawayenta ba. Ni kuwa na tsaya da faranti a hannu kamar an dasa ni, na haɗiye maganar kanwar. Na fita.

Ranar Juma'a ta wuni tana haɗa kaya. Ina kallo ta linke zannuwanta, ta kirawo jikokinta ta raba musu 'yan kwanukan da ta zo da su. Har ta ce in miƙo mata igiya ta ɗaure buhu, kuma na miƙa mata. Ina ta ce wa zuciyata bari a yi azahar, bari a ci abinci, bari yara su fita. Sai da aka idar da la'asar, tana zaune a kan sallaya, na shiga na durƙusa.

"Inna, ba hannunki ba ne. Ni ce. Kanwa nake zubawa a jiƙon."

Ta juyo a hankali. "Kanwa?"

"Don ya yi laushi."

"A waken awara?"

"Eh."

"Sau nawa?"

"Duka, Inna. Tun ranar farko. Jiya ce kawai ban zuba ba."

Na zaci za ta yi salati, ko ta zage ni tas, da ma hakan ya fi min sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ja carbinta har ya zagayo, sannan ta ce in kawo mata waken da robar, a ajiye a ɗakinta.

Da asubar Asabar ita ta tsince, ita ta jiƙa, da gwiwar tata. Da hantsi mai mota ya yi sallama, ta aika masa ya je ya dawo bayan la'asar. Kayanta suna nan a ɗaure a bakin ƙofa, ba ta ce a shigar da su ba. Da lokacin markaɗe ya yi ta sa mayafi ta bi ni har inji, tana tafe tana hutawa, ta tsaya a kan mai injin har ya gama.

Na zauna daga nesa ina kallo. Ta tace, ta ɗora. Ta sunkuya tana sauraren tukunyar, kafin ma tafasar ta fito sosai ta riga ta zare itace biyu. Ta jira. Ludayi ɗaya da rabi ta zuba, ta juya sau ɗaya rak. Madarar ta rabu, farin ya taso manya-manya, ya fi nawa girma nesa ba kusa ba. Na ga kafaɗunta sun sauka. Ta ɗaure, ta bar shi ya tsane da kansa tukuna, sannan ta ɗora dutse, daga baya ta ƙara turmi a kai. Da ta yanka, wuƙar ta fita tas ba abin da ya manne mata. Ƙamshin suyar bai gama zagaya layi ba kwanuka suka fara shigowa.

Mai mota ya dawo, ya yi hon a ƙofar gida. Inna tana kan kujera 'yar tsugune tana juya awara a kasko. Na matso na durƙusa kusa da ita.

"Inna, ki yafe min. Ga shi ya kama. A sallami mai motar?"

Ba ta dube ni ba. "Yaushe kika gane kanwar ce?"

Na so in ce jiya. Wallahi na so. Na ce, "Ranar Laraba."

"Laraba." Ta tsame awara uku ta zuba a kwando. "Kanwar ba ta dame ni ba, rashin sani ne, kowa yana yi. Amma kin sani tun Laraba. Kika kawo min taki a faranti, ina kuka kina tsaye. Kika miƙo min igiya na ɗaure kayana. Da kin bari na hau motar nan in tafi in mutu da zargin hannuna, don kada a ce Malama ta yi kuskure?"

Kuka nake yi sosai, a gaban 'ya'yana, da furfurata a gefen kai.

Hon ya sake tashi. Inna ta cika leda da awara mai zafi, ta ƙulla yaji a gefe, ta miƙo min.

"Kai masa, ki ba shi haƙuri, ki ce ya tafi. Amma kada ki ɗauka don awara na zauna." Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni. "Na zaci na gama renonki, ashe da sauran aiki. Share fuskarki, kada ki fita wa mutane haka. In kin dawo ki kwance min kayan nan."